Ranar Da Babur Ɗina Ya Ƙi Tashi

Ni malamin makaranta ne a Jama'are, kuma shekaruna na aikin koyarwa sun haura talatin. A cikin waɗannan shekaru na hau babura huɗu, ɗaya bayan ɗaya, har na kai ga ɗaukar kaina mutumin da ya san babur ciki da waje. In na tarar da wani yana fama da nasa a bakin hanya nakan tsaya in ba shi shawara, ko da bai tambaye ni ba. To, labarin da zan ba mai karatu yau na ranar da asirina ya tonu ne, ko da yake babu wanda ya shaida abin sai wani dattijo guda, shi kuwa ba mai yawan magana ba ne.

Daren wata Talata ce cikin watan Agusta na 2023. Naƙuda ta kama 'yata tun da la'asar, da abin ya tsananta sai ma'aikatan asibitin garinmu suka ba da shawara a wuce da ita babban asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Azare. Ba zan ambaci sunanta ba, domin 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Jama'are ya san irin kunyar da ke tsakanin mutum da ɗansa na fari. Surukina ya ari motar wani maƙwabci, ita ke nan mota ɗaya tilo a layinmu, suka tafi tare da ƙanwata, watau goggon yarinyar. Ni kuwa na zauna a gida kamar abin bai dame ni ba, na ci tuwo, na shiga ɗaki na kwanta, idona biyu ina sauraron ruwan sama yana dukan kwano.

Wajen ƙarfe huɗu na dare waya ta yi ƙara. Ƙanwata ce. Ta ce, "Yaya, an sauka, an sami namiji, amma jini ya ƙi tsayawa. An ƙara mata leda ɗaya, likita ya ce a nemo wani, kuma irin nata ba a cika samunsa ba." Ba ta ƙara kome ba, ni ma ban tambaya ba, domin duk mun san irin jinina yarinyar ta ɗauko.

Daga Jama'are zuwa Azare kusan kilomita 30 ne, a kan babbar hanyar nan da ta taso daga Kano ta nufi Maiduguri. Tafiya ce da ba ta kai ta minti arba'in ba a kan babur. A irin wannan lokaci kuwa, ga duhu ga yayyafi, ba a maganar motar haya sai gari ya waye. Na zura riga, na janyo babur daga ƙarƙashin rumfar da yake kwana, na fito da shi ƙofar gida, na murɗa makulli na taka kiki. Nan take ya tashi. Na gode wa Allah, na ɗaga ƙafa zan sa giya ke nan sai ya yi tari sau biyu, ya shaƙe, ya mutu.

Abin da na yi bayan wannan shi ne abin da nakan hana mutane yi a bakin hanya. Na taka kiki sau goma, na taka sau ashirin. Na ja cok, na murɗe totur har ƙarshe, na ci gaba da taka. Da ƙafa ta gaji sai na sa shi a giya ta biyu na riƙe kuloci na shiga tura shi cikin taɓo, in ya ɗan yi gudu in ɗare in saki, ya yi gurnani ya tsaya. Na kai ƙarshen layi na dawo, na sake komawa. Gumi ya haɗu da ruwan sama, wandona ya yi dumu-dumu har gwiwa. Waya ta sake ƙara a aljihu, na kasa ɗauka.

A zuciyata kuwa ba wanda nake zagi sai wani matashin bakanike da ke bakin titi. Makonni uku kafin wannan dare babur ɗin ya fara 'yar sheshsheƙa, musamman da safe, na kai masa. Ko sifana bai ɗauka ba ya ce CDI ne, watau ɗan baƙin akwatin nan da ke tsara lokacin da wuta za ta isa fulogi. Na saya aka sa. Bayan kwana biyu sheshsheƙa ta dawo, ya ce to kwayil ne. Shi ma na saya. Kuɗin da na kashe ya isa cefanen gidana na mako biyu. Amma tun da na yi niyyar faɗin gaskiya bari in faɗe ta duka: ni na fara ambata masa sunan CDI ɗin, yaron amincewa kurum ya yi. Akwai wani hali da mu masu ɗan ilmin boko muke da shi, ba mu so a ce ƙaramar cuta ce ta kama mu ko ta kama kayanmu, mun fi son mai babban suna.

Ina tsaye ina haki sai na ga hasken tocila yana tahowa daga lungu. Wani dattijo ne maƙwabcinmu, wanda duk unguwa ke kira Baba, ya rufa buhu a ka zai tafi masallaci, domin shi yakan riga ladan isa. Tsohon bakanike ne, ya bar sana'ar da daɗewa saboda ido da ciwon baya. A Kano ya koyi aiki, a zamanin da babur ya fara yawa a ƙasar nan.

Wannan zamani na san shi da idona, ko da yake ina yaro. A 1974 ne kwamitin Jerome Udoji ya miƙa wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon rahotonsa a kan albashin ma'aikata, a farkon 1975 kuma aka biya ƙarin tare da bashin watannin baya. Sai ga malamai da akawuna da ma'aikatan gona sun ajiye kekuna sun hau Honda da Suzuki da Yamaha, masu son ƙasaita kuma suka sayi Vespa. Ina da shekara tara a lokacin, kuma na tuna yadda mukan bi hedimastanmu da gudu muna shaƙar hayaƙin salansa kamar wani turare. A wannan shekara ta 1975 ce kamfanin Honda na Japan ya fito da samfurin CG125, bayan injiniyoyinsa sun zaga wasu ƙasashen Asiya sun ga yadda talaka ke lafta wa babur kaya, ba ya canja baƙin mai a kan kari, ba ya kai shi gareji sai ya tsaya cik. Suka ƙera injin da zai jure wa irin wannan riƙo. Da yawa daga cikin baburan Sin da suka cika kasuwanninmu daga baya kwaikwayon wannan inji ne. Saboda haka abin da Baba ya koya shekaru hamsin da suka wuce bai tsufa ba, shi ne dai ya tsufa.

Ya haska ni, ya haska babur, ya ce, "Malam, sauka haka nan. Babur ba jaki ba ne da duka zai tashe shi."

Na ce, "Baba, wuta ce. Yaron nan ya sa mini jabun kaya."

Bai tanka wannan ba. Sai ya yi mini tambayoyi uku. A ina babur ya kwana? Yaushe rabona da in cika tanki? Sa'an nan da zai mutu, ɗif ya ɗauke ko kuwa sai da ya yi tari? Na amsa masa cikin ƙosawa, domin a ganina ɓata lokaci ne. Daga baya na gane tambaya ta uku ita ce rabin aikin. Injin da wuta ta yanke masa yakan mutu farat ɗaya, kamar an hure fitila. Wanda mai ya gaza masa kuwa sai ya yi tari, ya yi shure-shure, kana ya mutu. Nawa ya yi tari, kuma da kunnena na ji, amma na riga na yanke hukunci tun makonni uku da suka wuce.

A nan ya kamata in ɗan tsaya domin mai karatun da bai taɓa leƙa cikin inji ba. Injin yawancin baburanmu iri ɗaya ne da wanda wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya kammala a 1876. Fistin yakan sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su ingiza fistin ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Ke nan abu huɗu inji ke bukata: mai, da iska, da matsi, da wuta a daidai lokacinta. Kafireto shi ne mai haɗa man da iskar, kuma awon da inji ya fi so shi ne kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur, in an auna da nauyi. In mai ya yi yawa ba zai kama ba, in ya yi kaɗan ma haka. Duk babur ɗin da ya ƙi tashi, ɗaya daga cikin huɗun nan ya rasa. Wannan darasi na sha koyar da shi a aji, har da zane a allo. Abin da ban taɓa koya ba shi ne yadda ake tambayar inji wanne ya rasa.

Baba ya ce in riƙe masa tocila. Ya fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Ya duba makulli a kunne yake, ya duba ɗan makashin nan da ke jikin kan babur, wanda yara kan danna in suna wasa har ya sa babban mutum ya wuni yana zufa a banza. Ya mayar da giya firi. Na ce masa ai hon yana yi, fitila tana kamawa. Ya ce wannan shaidar batir ce, kuma da yawa daga cikin ƙananan baburan nan masu kiki ba daga batir suke samun wutar fulogi ba, daga maganaɗisun da ke juyawa a gefen inji take fitowa.

Ya karɓi sifanar fulogi daga cikin akwatin kayan aikina, ya kwance fulogi, ya kai shi kusa da haske. Ya yi baƙi, kuma sharkaf yake. Ya ce fulogi shi ne harshen inji, kamar yadda likita kan ce wa majinyaci ya fito da harshe. In ya yi launin ƙasa-ƙasa, inji lafiya yake. In ya yi baƙin toka busasshe, mai ya fi iska yawa. In ya yi maiƙon baƙin mai, ringi ya gaji. In ya yi fari fat, mai bai isa ba, inji yana ƙuna. In kuma an yi ta taka kiki aka ciro shi a bushe ƙamas, to mai ba ya isowa sam. Nawa a jiƙe yake, saboda cok ɗin da na ja da totur ɗin da na yi ta murɗawa. Watau ko da ainihin cutar ta warke da kanta, ni na ƙara masa wata da hannuna.

Ya goge fulogin da gefen rigarsa, ya kankare bakinsa, ya duba ratar da ke tsakanin ƙarafan biyu, wadda ba ta kai milimita ɗaya ba a irin waɗannan injuna. Ya mayar da shi cikin hularsa ta roba, ya jingina jikinsa da ƙarfen inji, nesa da ramin da ya fito don kada tururin fetur ya kama, ya ce in taka. Na taka. Sai ga tartsatsi shuɗi yana tsalle, tas, tas, tas, cikin duhun nan.

Ya ce, "Wutarka lafiya lau, Malam. Ina jin da ma can lafiyarta lau."

Ban ce kome ba. Cefanen mako biyu ne ya gifta ta gabana.

Ya toshe ramin fulogi da babban yatsa ya ce in sake takawa, iska ta tunkuɗe yatsan da ƙarfi, ya ce matsi ma yana nan. Soson tace iska kuwa taɓa shi kurum ya yi ya mayar, ya ce wannan cutar hunturu ce, lokacin da ƙura kan toshe shi babur ya riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi. Duk wannan bai ɗauke shi minti biyar ba. Saura abu ɗaya.

Ya buɗe murfin tanki a hankali, kunnensa a kusa. Ya ce akwai wata 'yar ƙofa a jikin murfin da iska ke shiga ta maye gurbin man da ya sauka, in ta toshe mai yakan ƙi gangarowa, kuma in an buɗe sai a ji tanki ya ja numfashi. Bai ji kome ba. Amma ya shafa robar da ke zagaye da bakin murfin, ya nuna mini ta tsage gida biyu. Ya haska cikin tanki da tocila. (Na ce da tocila, domin har yanzu akwai masu leƙa tanki da ashana, kuma ba kowannensu ke samun damar ba da labari ba.) Ɗan mai ne kwance a ƙasa, bai fi lita ɗaya ba. Sai ya sunkuya ya dubi makunnin mai da ke ƙarƙashin tanki.

"Tun yaushe yake kan rizab?"

Na yi shiru ina lissafi. Na ce, "Tun watan Yuni."

Ya ce in samo masa kwalba mai haske. Na shiga gida da gudu na ɗauko kwalbar lemo. A gindin kafireto akwai wani ɗan kofi da mai ke taruwa a ciki, a ƙasansa kuma akwai ɗan sukurun da ake sassautawa a zubar da abin da ya taru. Ya tara kwalbar ya sassauta shi. Da ta kai rabi ya ɗaga ta ya sa tocila a bayanta. Ko makaho ya shafa ya san abu biyu ne a ciki. A sama ga fetur, a ƙasa kuma ga wani ruwa ja-ja ya kwanta, kaurinsa ya kai yatsa biyu, da ɓurɓushin tsatsa yana yawo a ciki. Ya ɗiga kaɗan a tafin hannuna. Fetur ɗin ya bushe nan da nan ya bar sanyi, ruwan kuwa ya tsaya ƙwaya-ƙwaya yana kallona.

Bayanin abin ba shi da wuya, kuma na tabbata ba ni kaɗai ya shafa ba. Ruwa ya fi fetur nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta fetur kuwa kimanin kashi uku cikin huɗu na kilo, kuma ba su gauraya. Saboda haka duk ɗigon ruwan da ya shiga tanki ƙasa yake tafiya ya kwanta. Makunnin mai kuma baki biyu gare shi a cikin tanki. Ɗaya dogon bututu ne da ke shan mai daga sama-sama, shi ne na yau da kullum. Ɗayan gajere ne, yana sha daga can ƙasa, shi ne rizab, wanda aka yi domin ya kai mutum gidan mai in ya yi sakaci. Masu ƙera babur ba su yi shi don a zauna a kansa wata uku ba.

To, amma wa ya zauna a kansa da son ransa? Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati ta koma wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli kuma ta haura 600. Tankina yana cin lita goma da 'yan kai, kuma dā nakan cika shi ranar albashi. Daga wannan lokaci sai na koma sayen lita ɗaya, wani lokaci rabi, sau da yawa a kwalba wurin 'yan bumburutu. Man da ke ciki bai ƙara kaiwa bakin dogon bututun ba. Tankin da babu kome a cikinsa sai iska kuwa, a damina, a gari irin namu da ke bakin kogi da fadama, gumi yake yi ta ciki in dare ya yi sanyi, kamar yadda kwanon rufi ke ɗiga da asuba. Gumin ya gangara ƙasa, ƙarfe ya yi tsatsa, rizab ya zuƙe su duka ya aika wa kafireto. Sheshsheƙar makonni uku ke nan. A wannan dare kuma rumfata ta yi yoyo daidai kan murfin da robarsa ta tsage, abin ya cika.

Ba zan ɗora wa 'yan bumburutu laifi ba, ko da yake jarkokinsu ma a fili suke kwana. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin methanol daga Turai, cikin jiragen ruwa, da takardunsa. Wannan ba a kwalba ya zo ba.

Baba ya zare tiyon mai, muka karkata babur muka tsiyaye tankin tas. Ya kwance kofin kafireto ya wanke, ya ciro jet, watau ɗan ƙarfen nan mai ƙaramar ƙofa da mai ke bi, ya hura shi da baki, ya ɗaga shi ga haske har ya ga ƙofar ta fito. Na miƙa masa allura daga jikin hulata, ya ture hannuna. Ya ce allura tana faɗaɗa ƙofar, in ta faɗaɗa kuwa babur ya zama mashayi har abada. Sai ga wata sabuwar matsala: mun zubar da man, kuma babu gidan man da ke buɗe. Bai ce mini kome ba, ya juya ya shiga lungu. Jim kaɗan ya dawo da galan, man injin markaɗen maiɗakinsa ne, wanda da shi za ta yi sana'ar wannan rana. Ya shimfiɗa ƙyalle a bakin tanki ya tace lita biyu.

Kafin ya mayar da fulogi ya sa na rufe makunnin mai, na mayar da cok, na murɗe totur duka na taka kiki sau bakwai ko takwas, domin inji ya amayar da abin da na ɗura masa. Sa'an nan ya ɗaura fulogi, da hannu tukuna kana da sifana, ya buɗe mai, ya jira kofin ya cika. Ya ce, "Cire hannunka daga totur. Taka sau ɗaya, da kyau."

Na taka, ya yi tari. Na sake takawa, ya tashi, ya tsaya da ƙafarsa yana bugawa daidai wa daida. A daidai lokacin muka ji an tayar da salla a masallaci. Aikin Baba duka bai wuce minti ashirin da biyar ba. Haukan da na yi kafin ya zo ya fi minti arba'in.

Tun da ya zo bai tambaye ni ina za ni ba, ni ma ban faɗa ba, alhali kuwa duk layin an ga fitar motar da daddare. Sai da na hau ya dafa kan babur ya ce, "A gai da mai jiki. Kada ka yi gudu, hanya da santsi. Jinin da ya zube a kwalta ba ya amfanin kowa."

A hanya na yi ta tunanin karin maganar nan da ke cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Da ruwan bai isa kafireto a ƙofar gida ba, da ya isa a tsakiyar daji, inda babu Baba, babu kwalba, babu galan ɗin markaɗe. Na isa Azare gari ya fara haske, na yi salla a harabar asibiti bayan an ɗebi jinin. Zuwa azahar aka ce mai jego ta buɗe ido ta nemi ruwa. Ban shiga ɗakin ba, daga bakin taga na tsaya.

Bayan kwana biyu na je gidan Baba da goro da kuɗi. Ya karɓi goron, ya ce kuɗin man a kai wa mai shi, sauran kuma in mayar aljihu. Na kawo masa ƙarar matashin bakaniken nan, ina tsammanin zai taya ni. Sai ya ƙi. Ya ce a zamaninsu wutar babur da wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa take aiki, in sun ci sai a goge su da samfefa a daidaita, saboda haka tilas yaro ya koyi sauraro da dubawa. Yanzu kuwa akwati ne a like, ba a buɗe shi, ba a gyara shi, sai dai a jefar a sa wani, ga su nan kuma jibge a kasuwa. Yaron da ya tashi a haka canji zai koya. Sa'an nan ya tambaye ni, da a ce yaron ya sassauta sukuru ɗaya ya zubar da ruwa ya ce in ba shi Naira dubu, zan ba shi? Na ce gaskiya da sai na ce me ya yi. Ya ce to, ai shi ya sa ya sayar mini da ƙarfe, domin ƙarfe ne kaɗai muke yarda mu biya.

Wannan magana ta tsaya mini a rai fiye da ta ruwan, wataƙila don ni ma sana'ata ba ta da ƙarfen da za a nuna. Na koma wurin yaron, ba da faɗa ba, na karɓi tsohon CDI ɗina da kwayil, da ma suna nan cikin wani kwali. Muka gwada su a kan wani babur, dukansu suna aiki. Ya yi dariya, ni ma na yi, ko da yake tawa ba ta kai ciki ba. Na nuna masa kwalbar. Ya juya ta ya sake juyawa, ya ce a cikin watannin nan babura masu irin wannan tari sun yi yawa, ya ɗauka kayan wuta ne aka daina yi da kyau.

Har yanzu ban koma cika tanki ba, domin a 2024 lita ta haura Naira 1,000, albashi kuwa tafiyar hawainiya yake yi. Abin da na iya shi ne na canja robar murfi, na gyara rumfa, kuma ranar albashi nakan daure in zuba abin da zai rufe bakin dogon bututun, in yi ƙoƙarin kada in sauka ƙasa da haka. In damina ta kama, kowace Juma'a da safe nakan tara kwalba a gindin kafireto in ga abin da zai fito. Sau uku ina samun ruwa.

Ranar suna, ƙanwata ta ba mata labarin yadda na iso asibiti da taɓo har gwiwa, hula a karkace, ina tambayar ma'aikata ina ake ba da jini kamar wanda ya zo wucewa. Na ji shewarsu daga zaure. Can da yamma, da mutane suka ragu, sai ga ta ta leƙo ta ce mai jego ta aiko a tambaye ni, wai yaya babur.

Na ce a gaya mata ya tashi.